Ku Tambayi Anti: Gashin jiki, a aske ne ko a ƙyale shi?

Saƙonnin da suka taru wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suke, gashin jiki, kuma kowa sai ya fara da "Anti dan Allah kar ki sa sunana". Toh ban sa ba. Na ɗauko guda biyar, wasu na rage musu tsawo saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ni budurwa ce shekarata 22, Allah ya yi ni da gargasa, ƙafafuna da hannuwana duk gashi ne kwance luf-luf. Da ban damu ba wallahi, sai da na shiga makaranta 'yan ɗakinmu suka sa ni gaba da tsiya wai ƙafata ta maza ce, ɗaya ma har cewa ta yi ƙazanta ce. Ina so in aske amma yayata ta ce in na kuskura na sa reza zai dawo ya fi da yawa, ya yi kauri ya yi baƙi, shikenan na shiga uku. Ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da maganar yayarki, don ita ce ta fi saurin warwarewa. Reza ba ta ƙara gashi, ba ta sa shi kauri, ba ta sa shi saurin fitowa. Tun 1928 wata masaniyar jikin ɗan Adam a Amurka mai suna Mildred Trotter ta gwada wannan ta auna gashin da aka aske, ba ta ga wani canji ba, a 1970 kuma wasu likitoci suka sake gwadawa, suka sa samari suna aske ƙafa ɗaya duk mako suna barin ɗayar har tsawon watanni, da aka zo aka auna duk ɗaya ne. Dalilin kuwa a fili yake, saiwar gashi tana can cikin fata, reza kuma saman fata kawai take bi ta yanke abin da ya riga ya fito. Abin da yake ruɗin mutane shi ne gashin da ba a taɓa askewa ba bakinsa siriri ne kamar fensirin da aka fiƙe, in kika gutsure fensirin a tsakiya ai kauri za ki gani, alhali fensirin bai ƙara ƙiba ba. Shi ya sa in ya fara tohowa sai ki ji yana sukar hannu, ki ga ya fi baƙi tunda rana da sabulu ba su kai ga kodar da shi ba tukuna. In kika bar shi ya cika lokacinsa ya zube, wanda zai maye gurbinsa irin na da ne.

Yanzu ga wadda ta ce miki ƙazanta. Gashin ƙafa ba datti ba ne, ƙafar da aka wanke mai gashi ta fi wadda aka aske aka ƙi wankewa tsafta, wannan ko ita ta sani. Yawan gashi da ƙarancinsa gado ne, ki duba danginki na wajen uwa ko uba za ki ga mai irinsa.

Kuma wannan ra'ayin na cewa dole ƙafar mace da hammatarta su zama sumul kullum, a ƙasashen Turawa ma da suka yaɗa shi a duniya bai wani daɗe ba. A 1915 ne kamfanin Gillette ya fitar da rezarsa ta farko da ya yi musamman don mata, a daidai lokacin da rigunan da ba su da hannu suka fara tashe a Amurka, sai mujallun mata suka cika da talla ana nuna wa mace cewa gashin hammatarta abin kunya ne, ga kuma maganinsa a saya. Ƙafa ta biyo baya da siket ya fara gajarta, sai kuma lokacin yaƙin duniya na biyu da aka karkatar da nailan wajen kayan soja doguwar safar mata ta yi wuya, mata suka koma fita da ƙafa a buɗe, aski ya ƙara samun gindin zama. Ba wai kafin nan babu masu cire gashi ba, mutanen Masar na da da Romawa duk sun yi. Amma mai da shi abin da in ba ki yi ba za a kalle ki a wulaƙance, masu sayar da reza da man cire gashi suna da hannu dumu-dumu a ciki. Abin har ya kai a 1999 jarumar fim Julia Roberts ta ɗaga hannu tana gaida mutane a wajen wani biki a Landan aka hango gashi a hammatarta, jaridu suka yi ta yayata hoton sai ka ce wani laifi ta aikata. Yanzu kuma wasu sun juya, a 2019 wata ɗalibar jami'a a Ingila ta fara kiran mata su bar gashin jikinsu ya fito duk watan Janairu, mata da yawa suka bi ta. Kinga kenan yayi ne, yau ya yi nan gobe ya yi can.

Ni dai shawarata ki tambayi kanki tsakani da Allah, in da waɗannan 'yan ɗakin ba su yi magana ba, za ki so ki aske? In amsar a'a ce ki bar kayanki, shekara nawa za ku yi tare da su. In kuma kin ga ke ma kina sha'awar ƙafarki sumul to ki aske hankalinki kwance, ranar da kika gaji ki daina, ba abin da zai ƙaru.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni magidanci ne, ƙirjina da cikina gashi ne sosai, madam ta dame ni wai in dinga askewa yana riƙe zufa. Na gwada sau ɗaya ƙuraje suka feso min ga ƙaiƙayi kamar in cire fatar, da na ba abokaina labari kuma suka yi ta min dariya wai namiji da aske ƙirji, wai na zama mijin ta ce. Ina tsaka mai wuya.

AMSA: Malam, abokanka ba su za su kwana da kai ba, wannan ɗaya kenan. Kuma aske ƙirji bai taɓa rage wa kowa mazantaka ba, 'yan wasan ninƙaya da masu tseren keke da masu ɗaga ƙarfe maza ne ƙarti kuma askewa suke yi. Abin dariyar ma shi ne mutanen da za su yi wa mace gori don ta bar gashi su ne za su yi wa namiji gori don ya cire, gashin dai ɗaya ne.

Maganar madam tana da ƙamshin gaskiya amma ba duka ba. Zufa ita kanta ba ta da wari. A hammata da matsematsi akwai wasu ƙofofin zufa na daban da suke fitar da ruwa mai ɗan maiƙo, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a kan fata su ne suke cinsa su fitar da warin, gashi kuma yana ba su wurin maƙalewa. Don haka rage gashin hammata yana taimakawa sosai. Ƙirji kuwa yawanci danshi ne kawai yake riƙewa, wanka da busar da jiki da kyau da canza singileti sun isa.

Ƙurajen da suka fito maka ba wani ciwo ba ne aka shafa maka, masu gashi mai murɗewa su suka fi fama da su. In reza ta yanke gashin ƙasa-ƙasa sai bakinsa ya yi tsini, da ya fara girma maimakon ya miƙe sai ya lanƙwaso ya soki fata ya koma ciki, jiki kuma ya ɗauke shi baƙo ya kumbura wurin. Mafita mafi sauƙi a wajenka ita ce kilifa, ka sa mata ƙaramin mataji ka rage gashin ya yi gajere ba tare da ka kankare shi ba, madam ta samu abin da take so kai ma fatarka ta huta. In ka nace sai reza to ka bari ƙurajen su warke tukuna ko da zai kai sati uku zuwa huɗu, ka yi askin bayan wanka da ruwan ɗumi, ka sa kumfa, ka bi inda gashin ya kwanta kar ka yi masa gaba da gaba, kar ka ja fatar ta miƙe, kar kuma ka yi ta maimaita wuri ɗaya. Banda tono gashin da allura, daga nan ake samun baƙin tabo, mai jikin da tabo ke kumbura kuwa a ƙirji abin ya fi muni. Rezarka kuma taka ce kai kaɗai, ciwon hanta nau'in B da C suna iya bin jinin da ido ma ba ya gani.

TAMBAYA: Anti ina yini. Tambayata da nauyi amma ba yadda zan yi. Shekara biyu da aurena, maigida yana so kullum gabana ya zama babu gashi ko ɗaya, da ya ɗan toho sai ya fara ɓata rai yana cewa ba na tsafta. Kusan duk bayan kwana biyu nake sa reza, yanzu wurin ya yi baƙi, ga ƙuraje wasu har da ruwa, ga zafi in na sa wando. Na gwada man cire gashi ya ƙona ni. Ni musulma ce na san addini ya ce a aske, amma haka ake nufi?

AMSA: 'Yata sannu, kuma ba ke kaɗai ba ce, irin wannan saƙon yana zuwa min fiye da yadda kike zato.

Tunda kin kawo addini bari mu fara da shi. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim ya lissafa aske gashin mara da tsige na hammata cikin abubuwa biyar na fiɗira, hadisin Anas da ke cikin Muslim kuma ya nuna kar a bar su su wuce kwana 40. Kwana 40 fa, ba kwana biyu ba. Tsakanin nan akwai fili mai faɗi, mutum ya duba jikinsa, wata sati biyu ya yi mata wata sati uku. Kuma hukuncin bai ware mace ba, shi ma maigidan yana ciki. Malamai sun yi bayanin cewa abin da ake nema shi ne a kawar da gashin, ba lallai sai da reza ba, ki samu malama ko malamin da kika yarda da shi ki gaya masa halin da fatarki take ciki zai ƙara miki haske. Addinai ma ba bakinsu ɗaya ba a kan gashi, mabiya addinin Sikh da suka yi riƙo sosai ba sa yanke gashi ko ɗaya a jikinsu, maza da mata, kuma a wajensu hakan ibada ce.

Ta fuskar lafiya kuwa, gashin wurin yana da aikinsa, yana rage gogayya tsakanin fata da fata da kuma tufafi, fatar wurin kuma ta fi ta ƙafa laushi nesa ba kusa ba. Reza duk bayan kwana biyu na nufin kina kankare wurin da bai gama warkewa daga askin baya ba, ƙananan yankan da ba kya gani su ne ƙofar da ƙwayoyin cuta ke shiga su zama ƙuraje da maruru, baƙin da kike gani kuma fata ce take mayar da martani ga yawan kumburi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2016 a kan mata sama da 3,000 ya gano kusan 84 cikin 100 suna rage gashin gabansu ko su cire, kuma dalilin da aka fi bayarwa shi ne tsafta, wajen 59 cikin 100 suka faɗi haka, alhali likitoci ba su da wata hujja da ta nuna kankarewa ƙal ya fi lafiya. Wani binciken na 2017 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu yi sun taɓa ji wa kansu ciwo, yawanci yanka. Kinga abin da ake kira tsafta wani lokacin shi yake jawo ciwon.

Abin da za ki yi yanzu, ki ajiye reza gaba ɗaya har wurin ya warke, ki dinga wankewa da ruwa kina busarwa, ki sa wandon auduga mara matsewa, kar ki matse ƙurajen, kar kuma ki shafa man bilicin wai don baƙin ya tafi, zai tafi da kansa a hankali in aka daina takura wa fatar. Masu ruwan nan kuma ina so likita ya gani da idonsa, musamman in suna da zafi sosai ko suna fashewa su zama gyambo, don ba kowane ƙurji ne na aski ba. Bayan kin warke ki koma kilifa ko ƙaramin almakashi mai tsafta. Man cire gashi sinadari ne mai ƙarfi da yake narkar da gashin, shi ya sa in ya wuce mintocin da aka rubuta a kwalin ko ya taɓa fatar ciki sai ya ƙona, ba a sa shi a kan ƙurji ko yanka, kuma ana fara gwada shi ne a ɗan wuri kaɗan a jira kwana ɗaya. Halawa tana tuge gashin daga saiwa a samu sati uku ko huɗu ana hutawa, amma da zafi, kuma ita ma tana iya jawo gashi mai komawa ciki.

Saura maigida. Kar ki yi maganar a lokacin da ransa yake ɓace ko a shimfiɗa, ki samu lokacin da kuke hira ki ce masa kina son ki faranta masa amma ga abin da reza take miki, ki nuna masa ya gani, maza da yawa wallahi ba su san me ake sha ba kafin a samu wannan sumul ɗin, a hotuna da bidiyon waya suka ga abin suka zaci haka mata suke tashi da safe. Miji yana da damar ya faɗi abin da yake so, ke ma kina da ita a kansa, amma a ce miki ƙazama saboda gashin kwana uku wannan ba daidai ba ne, kuma ba a faranta wa wani da abin da yake sa mutum ciwo. In zai yarda ku je wajen likitan tare ya fi, abin da ya ƙi ji daga bakinki zai ji daga can.

TAMBAYA: Anti ni gashi ne yake fito min a haɓa da saman leɓe, masu kauri irin na gemu, kullum da hantsaki nake kwana. Shekarata 27, al'adata ma sai ta yi wata biyu ko uku ba ta zo ba, ga ƙurajen fuska. Har na daina son shiga mutane saboda kallo. Leza za ta raba ni da shi?

AMSA: Ƙanwata taki ta bambanta da na sama, kafin ki je wajen masu leza, wato injin da ke ƙona saiwar gashi da haske, ki fara zuwa wajen likitan mata. Gashi mai kauri a haɓa, da al'ada mai tsallake, da ƙurajen fuska, in suka haɗu abin da likita zai fara dubawa shi ne matsalar da ake kira PCOS, inda sinadarin homon irin na maza, wanda kowace mace dama tana da shi kaɗan, yake yin yawa ya hana ƙwai fita a kan lokaci, ya kuma mayar da siririn gashin fuska mai kauri. Ba baƙon abu ba ne, kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa tana da shi, da yawa ma ba su sani ba. Ni ba zan yanke miki hukunci daga wasiƙa ba, sai an yi gwajin jini, wataƙila da sikanin. Akwai magungunan da ke rage fitowar gashin amma suna ɗaukar kamar wata shida kafin a ga bambanci, wasunsu kuma ba a shan su in ana neman ciki, don haka banda sayen magani da ka. Wadda kuma gashin ya feso mata farat ɗaya cikin 'yan watanni, murya ta fara kauri, ita kar ta jira ko sati.

Leza tana rage gashi sosai amma ba a cika rabuwa da shi ɗungurungum ba, sai an yi zama shida zuwa takwas ko fiye, kuma in ba a magance homon ɗin ba sabo zai ci gaba da fitowa. Shi hasken lezar baƙin gashin yake nema, shi ya sa ba ta aiki a kan furfura, shi ya sa kuma mai duhun fata take cikin haɗarin ƙonewa in aka yi da injin da bai dace ba. Ki tambaya ko suna da irin wanda ake kira Nd:YAG, shi ne aka fi amincewa da shi ga baƙar fata, in suka fara kame-kame ki ɗauki jakarki. Akwai kuma tsohuwar hanya ta kashe saiwar gashi ɗaya bayan ɗaya da siririyar allura mai lantarki, wani likitan ido a Amurka, Charles Michel, ya fara wallafa bayaninta a 1875 don gashin ido mai komawa ciki, tana da cin lokaci amma ga 'yan gashin haɓa tana aiki, har da farare.

Batun kallo kuwa, na san da ciwo. Akwai wata 'yar Birtaniya, Harnaam Kaur, mai irin wannan matsalar, ta sha tsangwama tun tana yarinya, daga baya ta daina cirewa ta bar gemunta ya cika, a 2016 har ta shiga kundin bajinta na duniya na Guinness. Ban ce ki yi irin nata ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi, wata barin ne zai ba ta kwanciyar hankali wata cirewa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki kulle kanki a ɗaki.

TAMBAYA: Anti cikina wata tara, ba na ma iya hango wurin balle in aske, ƙawata ta ce in na je haihuwa a haka nas za su yi min faɗa. Gaskiya ne dole sai na aske?

AMSA: Allah ya sauke ki lafiya 'yata. Ba dole ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2018 ba ta goyi bayan a dinga yi wa mace aski kafin haihuwa ba, don ba a ga yana rage kamuwa da cuta ba. Ko tiyata za a yi, ƙa'idar hukumar ta 2016 ta ce kar a sa reza, in gashin zai tare wurin aiki a rage shi da kilifa, saboda ƙananan yankan reza suna ƙara haɗarin wurin ɗinki ya ruɓe. Don haka a kwanakin nan na ƙarshe kar ki yi ta lalube da reza a inda ba kya gani. In gashin ya dame ki ko kwana 40 ɗinki sun kusa cika, maigida ya taimaka miki ya rage da kilifa ko almakashi, sauran kuma ki tambayi ungozomar da take duba ki a awo na gaba yadda tsarin asibitinsu yake.